Daino, GPS, Na'urar OBD ko Lissafin Lita: Da Wanne Za a Gane Ko Gyaran Inji Ya Ƙara wa Mota Ƙarfi?

Duk mai motar da aka sauya wa matatar iska, ko aka buɗe mata salansa, ko aka taɓa kwamfutarta, yakan fito daga gareji yana cewa mota ta ƙara jan hanya, kuma da wuya a samu wanda zai yarda cewa kuɗinsa sun tafi a banza. Makanike ya miƙa masa mabuɗi yana cewa, "Alhaji, yanzu kam sai ka riƙe sitiyari da kyau," shi kuma ya taka totur fiye da yadda ya saba takawa, ƙarar inji ta cika masa kunne, sai ya ɗauki ƙarar a matsayin ƙarfi. Jikin direba ba ya iya rarrabe ƙarin kashi 3 ko 4 cikin 100, alhali mafi yawan kayan da ake ɗora wa injin fetur marar turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji) ba su wuce wannan iyaka ba, in ma sun ƙara wani abu. Saboda haka kafin a yi gardama kan wane gyara ya fi, ya kamata a fara daidaita magana kan abin da za a auna da shi. Hanyoyi huɗu ne a gaban mai mota a Maraɗi: injin gwaji da ake kira daino, na'urar GPS mai auna saurin tashi, ƙaramar na'urar OBD da ke karanta abin da kwamfutar mota ke gani, da kuma lissafin man da aka sha daga cikon tanki zuwa wani cikon.

Akwai wani abu da ya shafi dukkan hanyoyin nan, wanda kuma ya fi tsanani a yankinmu fiye da ƙasashen da ake ƙera kayan. Inji iska yake shaƙa, kuma gwargwadon nauyin iskar da ta shiga ne ake iya ƙona mai, domin injin fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na mai. Iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi. Tsakanin safiyar hunturu mai digiri 18 da azahar ɗin watan Afrilu mai digiri 42, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 8 cikin 100, ƙarfin inji kuma yakan ragu da kashi 4 zuwa 5. A motar da ke da doki 130, wannan doki 5 ne ko 6 da ke zuwa su tafi ba tare da kowa ya taɓa ko da noti ɗaya ba. Wanda ya gwada motarsa da tsakar rana kafin gyara, ya sake gwadawa bayan sallar asuba da aka gama gyaran, zai ga ƙari ko da makanike bai yi komai ba. Tudun ƙasa ma yana da nasa rabo, domin inji marar turbo yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace mita 100 sama da teku, Maraɗi kuwa tana kusa da mita 400, don haka adadin da kamfani ya rubuta ba ya cika a nan tun asali. A nan ne ya dace a ja hankalin mai karatu cewa dokin da aka rubuta a kartagiris, 7 ko 9 ko 11, dokin haraji ne da hukuma ke lissafawa, kuma babu gyaran da ke motsa shi.

Daino shi ne ya fi suna, kuma a kan takardarsa masu sayar da kaya ke kafa hujja. Ana hawa da tayoyin da ke jan mota kan manyan gangunan ƙarfe, a ɗaure motar da igiyoyi, a sa fanka a gabanta, sannan a taka totur har ƙasa a giya ɗaya daga ƙananan zagaye zuwa ƙarshen ma'auni. Na'urar tana fitar da layi biyu a takarda, ɗaya na ƙarfin murɗawa, ɗaya na ƙarfin doki, kuma na biyun daga na farkon ake samo shi: a ninka ƙarfin murɗawa, a ma'aunin Nm, da yawan zagayen inji a minti, a raba da 9,549, sai a sami kilowat, kowane kilowat kuma doki 1.36 ne a lissafin Turai. Fifikon daino a kan sauran hanyoyin shi ne yana nuna inda ƙarin ya faɗo. Salansa mai faɗi tana iya ƙara doki 4 a zagaye 6,000, ta rage ƙarfin murɗawa a zagaye 2,000, kuma mai tuƙi tsakanin babbar kasuwa da tashar mota bai taɓa kai wa 6,000 ba, a 2,000 yake yini. Mai sayarwa zai nuna masa ƙololuwar layin, alhali abin da ya shafe shi yana can ƙasa ta hagu.

Sai dai takardar daino ba ta kuɓuta daga zamba da kuskure ba. Daino iri biyu ne: akwai wanda ke lissafi daga saurin da mota ta juya ganga mai nauyi sananne, akwai kuma mai birkin lantarki da ke iya riƙe inji a zagaye ɗaya yana ɗora masa kaya kamar ana hawan tudu. Na biyun ne ake buƙata wajen daidaita kwamfuta, kuma sananne ne a tsakanin masu sana'ar cewa na'urar daino ta kamfanin Dynojet takan ba da adadi sama da ta kamfanin Mustang a mota ɗaya. Bayan haka, abin da ake aunawa ƙarfin da ya iso taya ne, wanda ya gaza na inji da kashi 10 zuwa 15 a mota mai jan gaba da giyar hannu, ya fi haka a mai giyar otomatik ko mai jan ƙafa huɗu. Idan aka ce ga dokin inji, to ƙiyasi ne aka ɗora a kan awon. Sannan akwai gyaran lissafi na yanayi: ma'aunin SAE J1349 na Amurka yana mayar da sakamako kamar an yi gwajin a digiri 25, DIN 70020 na Jamus kuma a digiri 20 da matsin iskar bakin teku, don haka DIN yakan fito da adadi mafi girma. Wanda ya auni gero da wata tiya da safe, ya sake auna shi da wata tiyar dabam da yamma, bai san ko hatsinsa ya ƙaru ba. Takardu biyu ba sa kwatantuwa sai in daga na'ura ɗaya suka fito, a giya ɗaya, da iskar taya ɗaya, da ma'aunin yanayi ɗaya, kuma zai fi kyau a rana ɗaya. Ga kuma tsada da nisa, domin daino ba kayan da garejin unguwa ke ajiyewa ba ne, kuma tafiya biyu ake buƙata, kafin gyara da bayansa. Wanda ya je sau ɗaya bayan an gama aiki ya samo adadi ne kawai wanda ba shi da abin gwada shi.

Hanya ta biyu tana auna abin da direba ke nema a zahiri, wato daƙiƙa nawa mota ke ɗauka daga wannan gudu zuwa wancan a kan kwalta, da nauyinta da iskar da ke tunkarar ta. A nan kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da agogon hannu da allon gudun mota. Allon gudu an ƙera shi ne ya riƙa nuna sama da gaskiya, kuma ƙa'idar da Turai ke bi ta yarda ya zarce da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4, amma ba ta yarda ya nuna ƙasa ba. Idan kuma an sauya girman taya, lissafin ya sake karkacewa. GPS ɗin yawancin wayoyi sau ɗaya yake karanta wuri a daƙiƙa. A ɗauka mota tana tashi daga kilomita 50 zuwa 90 cikin daƙiƙa 7, gyara ya ƙara mata kashi 5 cikin 100: bambancin da ake nema bai kai rabin daƙiƙa ba, kuma waya ba za ta iya kama shi ba. Ƙananan na'urori irin su Dragy, ko VBOX na kamfanin Racelogic, suna karantawa sau 10 ko fiye a daƙiƙa, suna kuma nuna gangaren hanya, wanda ba ƙaramin abu ba ne, domin hawan mita 1 cikin 100, wanda ido ba ya gani sosai, yana cin kimanin doki 3 a mota mai kilo 1,300 da ke gudun kilomita 70.

A ganina gwajin tashi daga tsaye zuwa kilomita 100, wanda matasa suka fi so, shi ne mafi ƙarancin amfani. Yana auna gwanintar ƙafar direba a kan kuloci da rikon taya a kan kwalta mai yashi fiye da yadda yake auna inji. Abin da ya fi shi ne a sa giya ta uku, a daidaita a kilomita 50, a taka totur har ƙasa zuwa 90 ba tare da sauya giya ba, a mai otomatik kuma a kulle giyar don kada ta sauka da kanta. A yi sau uku zuwa gabas, sau uku zuwa yamma a wuri ɗaya, a ɗauki matsakaici, saboda iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana taimakon tafiya ɗaya tana danne ɗayar. A kashe kilim, a rufe gilasai, a bar mai a tanki daidai da na gwajin farko, domin lita 50 na fetur kilo 37 ne, abokin da ya shiga don ya riƙe waya kuma ya ƙara kusan kashi 5 cikin 100 na nauyin ƙaramar mota, wanda shi kaɗai ya isa ya shafe duk ƙarin da ake nema. Wurin gwaji kuwa sai an zaɓe shi da hankali: babbar hanya ta ɗaya da ta nufi Cadawa da Tasawa, ko ta Ɗan Isa, suna da miƙaƙƙun wurare, amma suna da amalanke da dabbobi da masu babur, kuma babu sakamakon da ya kai a yi gwaji kusa da ƙauye ko a ranar kasuwa.

Na'urar OBD ita ce mafi araha, kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, kuma ita ce na fi ba mai mota shawarar ya fara mallaka. Amurka ta wajabta wannan tsari a motocin 1996 zuwa sama, Turai ta bi baya a 2001 ga motocin fetur da 2004 ga na gazuwal, don haka galibin motocin da suka shigo ta Kwatano da Lome suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. A cusa na'ura irin ELM327, a haɗa ta da manhajar waya kamar Torque, sai mutum ya ga abin da kwamfuta ke gani yayin da mota ke tafiya. Ba ta auna doki kai tsaye, amma tana ba da abin da daino da GPS ba sa bayarwa, wato dalili. A injin fetur marar turbo mai na'urar auna iska, adadin giram na iska a daƙiƙa idan an taka totur har ƙasa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfi, kuma masu sana'a sukan raba shi da 0.8 su sami ƙiyasin doki: giram 100 na nufin kimanin doki 125, wanda ya yi daidai da injin 1ZZ mai lita 1.8 na Corolla idan yana da lafiya. Idan an sa sabuwar matata adadin bai motsa ba, to tsohuwar ba ita ke tare iska ba.

Abu na biyu da take nunawa shi ne zafin iskar da ke shiga. Matatar nan mai siffar mazurari da ake ɗaurawa a fili cikin bonet, bayan an cire akwatin asali, tana shaƙar iskar da ta bi ta lagireto, kuma a cunkoson gari ba abin mamaki ba ne a ga digiri 60 ko fiye a allo, alhali akwatin kamfani yana jawo iska daga waje. Abu na uku shi ne lokacin kunna wuta: idan fetur ba shi da inganci, ko zafi ya yi yawa, inji yakan fara ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja lokacin wuta baya don ta kare fistin, ƙarfi ya faɗi. Wannan yana da muhimmanci a gari irin namu inda mota ɗaya ke shan man matatar SORAZ ta Zinder, wadda ta fara aiki a 2011, gobe kuma ta sha na kwalba a wajen ƴan ruwa-ruwa. Gwajin da aka yi da mai biyu dabam ya auna man ne, bai auna gyaran ba. Akwai kuma adadin gyaran mai da kwamfuta ke yi, wanda idan ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa yana nuna matsalar da ya kamata a warware kafin a yi zancen ƙarin ƙarfi, da zafin ruwa, wanda ke tona asirin al'adar cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi. Injin Toyota da yawa tamostat ɗinsu a digiri 82 yake buɗewa, kuma idan an cire shi, da safiyar hunturu inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai da yawa kamar yanzu aka tayar.

Iyakar na'urar OBD ita ma a fili take. Idan an sauya faɗin bututun da na'urar auna iska ke zaune a ciki, karatunta ya gurɓace, ba a iya kwatanta na da da na yanzu. Masu arahar suna da jinkiri, don haka abu uku ko huɗu kawai ya kamata a sa su bi a lokaci ɗaya. Tsofaffin injunan gazuwal masu famfon mai marar kwamfuta, kamar 1HZ na Land Cruiser, ba su da abin da za su gaya mata.

Lissafin lita ba ya buƙatar na'ura, haƙuri yake buƙata. A cika tanki a famfo ɗaya har ya katse da kansa karo na farko, a rubuta kilomita, a yi tafiya, a dawo famfon a sake cikawa. Rauninsa shi ne tafiya ɗaya ba ta isa: zuwa Zinder da dawowa kimanin kilomita 470 ne, wato lita 38 ga motar da ke shan 8 a kilomita 100, kuma saɓanin lita ɗaya da rabi wajen cikawa ya riga ya zama kashi 4 cikin 100. Sai an tara tanki uku ko huɗu kafin gyara da irinsu bayansa, a yanayi ɗaya. Kada a dogara da lissafin da allon mota ke nunawa, musamman idan an sa ƙaramin akwatin da ke yaudarar na'urar auna matsin gazuwal, domin a lokacin kwamfuta tana zuba mai fiye da abin da take ƙirgawa. Amfanin wannan hanya shi ne tana mayar da magana ta koma kuɗi. A farashin sefa 499 da aka sa wa litar fetur a watan Yulin 2024, mai tafiyar kilomita 20,000 a shekara da motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, in ya rage sha da kashi 5 cikin 100 ya tsira da lita 80, kusan jika 40, kuma da wannan adadin ne zai gwada kuɗin kayan. Game da maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai da makamantansu, hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan kaya fiye da 100 ba ta sami wanda ya rage shan mai sosai ba.

Zaɓin ya danganta da motar da kuma gyaran. Mai Corolla ko Camry ta fetur da ke tunanin matata ko salansa ba shi da dalilin neman daino, domin kuɗin tafiyar ya fi darajar dokin da ake nema. OBD da gwajin giya ta uku sun ishe shi, kuma ya fi kyau ya yi gwajin sau uku: da kayan asali, da sabon, sannan ya mayar da na asali ya sake, duk a safiya ɗaya. Kafin wannan ma, ya sa sababbin fulogi da sabuwar matatar takarda, ya auna matsin silinda, domin sau da yawa ƙarin da ake yaba wa sabon kaya ba komai ba ne illa dokin da tsohuwar matata mai cike da ƙura ta tare. Haka zancen cire katalizar, wato kayan da ke tace hayaƙi a cikin salansa, yake: idan ta toshe, cire ta yana dawo da ƙarfin da ya ɓace, idan lafiyayya ce, ƙarin kaɗan ne, ga fitilar inji da za ta kunnu da lambar P0420, ga hayaƙi mai guba, ga kuma ƙarafa masu tsada da ke cikinta, waɗanda su ne dalilin da wasu ke gaggawar ba da shawarar a cire. Akwai kuma awon da babu na'urar da ke yi. Bayan wata ɗaya na hunturu da matatar auduga mai mai, a kwance bututun da ke bayanta, a shafa farin ƙyalle a cikinsa. Idan ya fito da jan gari mai laushi, to wannan ƙurar tana wucewa zuwa zoben fistin, kuma doki 2 ba su biya wannan ba.

Mai taksi ko mai jigila zuwa Konni da Dakoro, wanda ribarsa ke cikin tanki, littafin lita ne ma'auninsa, OBD kuma mataimaki.

Inda daino ya cancanci kuɗinsa da wahalarsa shi ne sake rubuta kwamfutar injin gazuwal mai turbo. Hilux mai injin 2KD da ya fito da doki 102 yana iya samun ƙarin kashi 20 cikin 100 ko fiye, kuma ƙari mai wannan girma ko GPS ɗin kirki zai gan shi ba tare da shakka ba. Abin da GPS ba zai gani ba shi ne farashin ƙarin: matsin turbo, zafin hayaƙi, da ƙarfin murɗawar da ke faɗo wa kuloci a ƙananan zagaye. Wannan sai daino mai birki, inda za a riƙe inji da kaya na tsawon lokaci kamar motar da ta ɗauko buhuna tana keta yashi a watan Mayu, ba jan daƙiƙa 10 da fanka a gaba ba. Mai motar ya nemi takardar kafin da ta bayan aiki daga na'ura ɗaya, ya kuma karɓi kwafin bayanan kwamfutarsa na asali kafin a rubuta sabo a kai. Masu tsofaffin injuna da ake buɗe wa famfo har su riƙa fitar da baƙin hayaƙi, su kuma ma'aunin zafin hayaƙi da ake dasawa a bakin salansa kusa da inji ya fi musu kowace na'ura, kuma idan allurarsa tana zama a kusan digiri 700 a doguwar tafiya da kaya, sai a rage man da aka ƙara ko da gwajin giya ta uku ya nuna an samu daƙiƙa guda.